Amsa kan auna ruwan sinadari mai ƙarfe da yawa da kayan gilashi

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na ga tambayarki tun jiya, aiki ne ya hana ni zama in amsa. In na fahimce ki, kina auna ruwan da ake yi wa ƙarfe rufin nikel da na jan ƙarfe, kina amfani da fulas (kwalbar awo mai layi a wuya) da fifet (siririn bututun ɗibar ruwa daidai awo) na gilashi, kuma da su ɗin dai kike haɗa ruwan ma'auni marar ƙarfi da kike saita na'ura da shi. Yanzu bilank ɗinki, wato ruwan gwajin da ba a sa masa samfur ba, wanda bai kamata a ga komai a cikinsa ba, yana nuna nikel. Shi ne kike tsoron ko sinadarin ya fara cin gilashin, har kina tunanin komawa roba gaba ɗaya.

Kwantar da hankalinki, da wuya a ce gilashin ne ya lalace. Yawancin kayan awo na kirki da gilashin borosiliket ake yin su, wanda wajen kashi 80 cikin 100 nasa silika ne, wajen 13 kuma sinadarin boron. Gishirin nikel ko na jan ƙarfe ba ya yi masa komai. Manyan abokan gabarsa biyu ne: asid haidirofulorik, wanda ke narkar da shi kai tsaye, da soda mai ƙarfi, wato kostik soda, in ta daɗe a ciki, musamman da zafi. Ita sodar har murfin gilashi takan liƙe, a yi ta fama ya ƙi buɗuwa.

Ainihin matsalarki ita ce gilashi ba ya mantuwa. Fuskarsa tana ɗauke da cajin da ke janyo ƙwayoyin ƙarfe su manne, musamman in babu asid a ruwan. Ki wanke da ruwa sau biyar, ido ya ga fes, amma suna nan. Ran da kika zuba ruwa mai asid don haɗa bilank, sai asid ɗin ya saki abin da ya manne, na'ura ta karanta miki shi.

Ni ma ya taɓa ci na. A wani ɗakin gwaje-gwaje da na yi aiki, mun shafe makonni jan ƙarfe yana fitowa a bilank. Muka zargi tataccen ruwanmu, muka canja. Muka buɗe sabuwar kwalbar asid. Har mai gyaran na'ura aka kira ya zo ya duba bai ga komai ba. Ashe fulas guda ne mai mililita 100 da wani abokin aikinmu ke haɗa ruwan miligiram 1000 a lita a cikinsa, ya wanke ya mayar cikin 'yan'uwansa. Duk ran da hannu ya faɗa kan wannan fulas, sai bilank ya tashi. Shi ya sa abin yake zuwa yana tafiya kamar zazzaɓin dare.

Ki yi lissafin da kanki. Ɗigo ɗaya wajen mililita 0.05 ne. Ruwan rufin nikel irin wanda aka fi amfani da shi yakan ɗauki wajen giram 70 na nikel a lita, wato ɗigo ɗaya na ɗauke da miligiram 3.5. In ya shiga fulas mai mililita 100, kin sami miligiram 35 a lita. To ke da kike neman maikirogiram, wato kashi ɗaya cikin dubu na miligiram, ko kashi ɗaya cikin dubu na wannan ɗigon ya rage a wuyan fulas ko a jikin murfi, ya gama ɓata miki aiki.

Saboda haka abu na farko, raba kayan gida biyu. Na ruwa mai ƙarfi daban, na marar ƙarfi daban, a sa musu alama, kada ma su haɗu a robar wanki ɗaya, har da murafensu. Wannan kaɗai ya fi duk wata dabarar wanki da zan gaya miki. Waɗanda suka riga suka gurɓata kuwa, a wanke da sabulun ɗakin gwaji, a ɗauraye, a jiƙa su kwana a asid naitirik kashi 10 cikin 100, sannan a ɗauraye da tataccen ruwa sau da yawa. Ki gwada su kafin ki yarda da su: cika fulas da ruwa mai ɗan asid, bar shi ya kwana, ki auna. Na tsofaffin malamanmu, wato wanki da asid kuromik, ki bar shi. Kuromiyam yana mannewa a gilashi ya ƙi fita, ga shi kuma yana jawo ciwon daji.

Wajen haɗawa, kada ki zuba ruwan ƙarfen a fulas sannan ki bi shi da zallar ruwa. Fara zuba ruwa, ki sa asid a kansa, sannan ƙarfen ya shigo ya tarar da su. Kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na asid naitirik ya isa yawancin ƙarafa, abin da ake so pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya sauka ƙasa da 2. Baƙin ƙarfe ne ya fi saurin tona asiri, da asid ya yi ƙaranci sai ki ga ruwan ya yi gurɓi, launin tsatsa ya kwanta a jikin gilashi. Amma kowane ƙarfe da halinsa. Azurfa ba ta shiri da asid haidirokulorik, nan take za ta yi farin gari, kuma haske yana ɓata ta, sai kwalba mai duhu. Dalma ba ta shiri da salfiyurik. Kuza kuma haidirokulorik ɗin take so.

Sai kuma ajiya. Fulas ɗin awo ba ma'aji ba ne. Ki haɗa, ki jujjuya, ki juye a kwalbar roba da aka wanke da asid, ki wanke fulas a ranar. Zaiba ce ta fita daban, ita ta fi zama lafiya a gilashi, don a robar folitilin takan ragu.

Akwai wani ɓangaren da ba ki tambaya ba, amma tunda ruwan rufi kike aunawa zai same ki. Fifet da buret (dogon bututun awo mai famfo a ƙasa), masu alamar Ex, wato waɗanda awonsu na abin da ke fita daga cikinsu ne, da ruwa aka gwada su, an kuma yi lissafin ɗan abin da ke saura a jikinsu. Ruwan nikel mai kauri ya fi ruwa mannewa, don haka abin da ya sauka bai kai abin da aka rubuta ba. Fifet mai mililita 25 ajin A, wato ajin da ya fi daidaito, kuskurensa bai wuce mililita 0.03 ba, amma da ruwa mai kauri wannan alkawarin ya tashi. Ni na daina wahalar da kaina, sikeli nake ɗorawa in auna nauyin samfurin, in san nauyin kowace mililita tasa, in yi lissafi. In dole sai fifet, ki ɗauraye shi da samfurin sau biyu ko uku, ki ba shi lokaci ya tsiyaye, kuma kada ki hura ɗigon ƙarshe. Baki kuwa ko kusa, da abin zuƙa na roba ake ja.

Zafi ma haka. An gwada kayan a digiri 20. Ruwa a digiri 30 ya kumbura da wajen kashi 0.26 cikin 100, wato mililita 0.26 a fulas mai 100, alhali kuskuren da aka yarje wa ajin A 0.10 ne. In kin haɗa asid mai ƙarfi da ruwa fulas ya ɗau ɗumi, bar shi ya huce kafin ki cika zuwa layi, in ba haka ba daga baya ki tarar ruwan ya sauka ƙasa da layin. Ruwa mai duhu irin famanganet ba a ganin ƙasan lanƙwasar da fuskarsa ke yi a cikin buret, sai a karanta samanta, a farkon awo da ƙarshensa duka. Tabon ƙasa-ƙasa da yake bari a buret, asid okzalik yana fitar da shi.

Maganar komawa roba gaba ɗaya, ban ga dalili ba. Ana buƙatar fulas na roba in boron, sodiyam, silikon ko alminiyam kike nema, tunda gilashin kansa yana sakinsu, ko in akwai haidirofulorik a samfurin, ko in abin da kike nema a samfurin ya yi kaɗan ƙwarai. Don nikel da jan ƙarfe, ki sayi sababbin fulas uku ko huɗu ki keɓe su ga bilank da ruwan ma'auni. Ki haɗa bilank ɗaya a sabon fulas, ɗaya a tsohon, da ruwa ɗaya da asid ɗaya, ki auna su a jere. In dukansu suka tashi, to sai mu koma kan ruwanki da asid ɗinki. Ki faɗa mana abin da kika samu, da irin na'urar da kike aiki da ita.