Lambar NAFDAC a jikin kwalba tana nufin maganin yana warkarwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata tana fama da ciwon sukari. Ta sayo wani maganin gargajiya a tasha, sunan da ke jikin kwalbar ma yana cewa yana kawar da sukari gaba ɗaya. Ta ce tunda akwai lambar NAFDAC, za ta ajiye na asibiti. Ya abin yake? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Mama lafiya. Don Allah kada ta ajiye maganin asibiti, ko na kwana ɗaya.

Ɗauko kwalbar ki dubi lambar da kyau. Yawancin magungunan gargajiya da NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta amince da su, lambarsu tana ƙarewa da harafin L. Ma'anarsa, an kai maganin ɗakin gwaji an duba ko da guba a ciki, ko dalma, ko ƙwayoyin cuta, aka ga ba matsala, sai aka ba shi izinin shiga kasuwa na shekara 2. Iyakar abin ke nan. Ba a gwada shi a kan masu ciwon sukari an ga sukarinsu ya sauka ba. Cikakkiyar rajista, wadda ke kai shekara 5, sai an yi wannan gwajin a kan marasa lafiya ake samunta. Shi ya sa aka wajabta wa mai maganin ya rubuta a jikin kwalbar cewa NAFDAC ba ta tantance iƙirarinsa ba. Ki nemi wannan layin, galibi da Turanci yake, da ƙananan baƙaƙe can ƙasa inda idon tsohuwa ba ya kaiwa. Wannan yana damuna ƙwarai, domin wadda aka rubuta gargaɗin dominta ita ce ba ta iya karanta shi.

Sunan ne ya fi tayar min da hankali. Tun 2005 NAFDAC take da ƙa'idojin rubutun jikin maganin gargajiya, kuma sun hana suna ko rubutun da zai yaudari mai saye. Dokar abinci da magunguna ta Najeriya ma ta hana a tallata wa jama'a magani da cewa yana warkar da wasu cututtuka, ciki har da ciwon sukari da ciwon daji. To kwalbar da sunanta kansa alkawarin warkarwa ne, akwai lauje cikin naɗi. Ko dai lambar ta bogi ce, ko ta wani kaya ce aka ara, ko an sauya takardar bayan an karɓi izini.

Ki kuma duba ko an lissafa abin da ke ciki, da sunan kimiyya na kowane tsiro. Ba burga ba ce. Itacen da wani ke kira darbejiya, wani dogon yaro yake ce masa, wani bedi, wani maina, amma idan aka rubuta Azadirachta indica, likita a ko'ina ya san abin da aka sha. Haka zogale, Moringa oleifera. In kuwa "saiwoyi da sassaƙe" kawai aka rubuta, ba a faɗa miki komai ba. Kuma ɓoye sinadari ba sabon abu ba ne: an sha kama magungunan maza da aka ce zallar ganye ne, ashe an zuba musu sildenafil, maganin ƙarfin maza na asibiti, wanda ke iya faɗar da ƙarfin gudun jinin mai shan wasu magungunan zuciya ƙasa sosai har ya kai ga halaka.

Sauran abubuwan da za ki duba a jikin kwalbar kuma su ne sunan mai haɗawa da cikakken adireshinsa, ba lambar waya kaɗai ba, da ranar haɗawa, da ranar lalacewa, da lambar rukunin da aka haɗa, da yadda ake sha.

Ranar da Mama za ta koma asibiti, ku tafi da kwalbar ku nuna wa likita ko mai harhaɗa magunguna, a auna sukarinta a ranar. Lambar kuma ki kai ofishin NAFDAC na Kaduna su duba miki ko ta wannan maganin ce.