Lissafin da kike nema, 'yar nan

Ke kuma Allah ya shirye ki, ko gaisuwar kirki babu sai tambaya mai nauyi haka. Wai malaminku ya ce ki kawo alƙaluman yara da matasan da suka kashe kansu jiha-jiha a arewa, kin duba intanet ba ki samu ba, shi ne kike tambayar kawunki me ya sa a al'adarmu ba a faɗa. Da farko dariya na yi, can kuma na ce to ita dai lafiya take ko? Ki kira ni in ji muryarki.

Ina yaro, lokacin ana biyan haraji, tun kafin gwamnan Kano Abubakar Rimi ya soke shi a 1979, akwai wata yarinya a bayan gidanmu sa'ar yayata, an sa mata rana da wanda ba ta so. Ta daina fita dandali, ta rame, kowa ya gani amma aka ce ai kunyar amarci ce. Ranar da abin ya faru da asuba aka aike ni zaure da buta, na tarar da liman da mai unguwa da uban yarinyar da Baba a kan tabarma ɗaya suna magana ƙasa-ƙasa, ba wanda ya kore ni don sun ɗauka ba na ganewa. Liman ya ce musulma ce, za a yi mata salla, sauran yana wurin Allah, sai dai na'ibi ne zai ja ba shi ba. Kafin hantsi an kai ta. Da malamin dagaci ya zo da littafinsa uban ya ce zazzaɓi, shi ma ya rubuta zazzaɓi, alhali ya sani sarai. Ina komawa cikin gida na fara ba da labari, Iya ta murɗe min kunne ta ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Baba kuwa cewa ya yi tana da ƙanne mata, in magana ta fita wa zai zo neman aure gidan?

To kin ga inda lissafinki ya shiga. Har yau mutuwar gida akasari ba ta kai wa hukumar ƙidaya ta ƙasa, ba takardar likita, ga kuma doka, sashe na 231 na Penal Code ya ce wanda ya yi yunƙuri bai mutu ba ana iya ɗaure shi har shekara ɗaya, wace uwa ce za ta kai ɗanta asibiti ta faɗi gaskiya? Gana ta soke irin wannan doka a 2023. Hukumar lafiya ta duniya tana cewa sama da mutum 700,000 ne ke kashe kansu a faɗin duniya a shekara, amma na ƙasashe irin namu kiyasi ne suke yi, balle a ce na Jigawa daban na Zamfara daban.

Ni abin da ke damuna, da can ko an rufa asiri akwai gwaggo, akwai kaka da yaro zai kwana ɗakinta ta karanci fuskarsa. Yanzu kowa ya ja katanga, yaro na ɗaki da waya har ƙarfe biyun dare, sai an ga ya rubuta wata magana a Facebook a zo ana salati.

Ki gwada asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano ko na Barnawa a Kaduna, su suna ajiye fayil, ki je da takardar makaranta. Sannan ƙaninki tun da sakamakon JAMB ya fito ba ya zama cin abinci da mu, ke yake jin maganarki, ki neme shi yau.