Amsa ga ɗan'uwan da ke son ajiye bas ya koma babbar mota

Salamu alaikum 'yan uwa. Na ga tambayar ƙanenmu tun jiya da daddare, wanda ya ce shekararsa 6 yana jan bas daga Ringim zuwa Kano, tun da aka cire tallafin fetur a 2023 abin ba ya fita, balas ɗin mai mota ma da ƙyar yake haɗawa, yana so ya koma tirela ko akwai alheri. Ban samu amsawa ba sai yanzu da muka tsaya. Ni ma hanyar da na biyo kenan, shekara 9 na yi ina jan bas Gumel zuwa Kano kafin na koma babbar mota, yanzu ina shekara ta 7 a ciki.

Toh ƙanena, alheri akwai shi wallahi, ba zan ɓoye maka ba, ɗakin da na yi wa mahaifiyata da kwano da siminti a babbar mota na samo shi. Amma abin da nake so ka fara tambayar kanka shi ne, za ka iya komawa yaron mota? Don nan ne mutane da yawa suke karyewa. Kai da ake ce maka direba a tasha, kwandasta na kawo maka shayi, yanzu kai ne za ka ɗaure tamfol, kai za ka sauko da gudu ka sa weji a ƙarƙashin taya in an tsaya a gangare, kai za ka kwana a ƙarƙashin mota kana gadin batir da gas, kuma wataƙila ogan naka ka girme shi. Nawa ogan na ba shi shekara 4, wata 14 na yi a bayansa. Akwai ranar da muka tsaya a Tafa, a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya ce in ɗebo ruwa in wanke masa gilas, ga wasu direbobin bas 'yan garinmu a wajen mai shayi suna kallona, ɗaya har ya ce "a'a, wane, kai ne haka?" Na ji abin har cikin raina amma na ɗauki bokiti. Babu mai kuɗin da zai ɗauki makullin DAF ɗinsa ya miƙa maka don kawai ka ce ka iya bas, sai wani direban da aka yarda da shi ya tsaya maka ya ce ya ga hannunka.

Kuma gaskiya suna da hujja, tuƙin ba ɗaya ba ne ko kaɗan. Tirela in ta ɗauki buhu 600 na taki ko siminti tan 30 kenan a bayanka, banda nauyin ita kanta motar. A bas in akuya ta gifta ka taka birki ka tsaya, a nan ka taka sai kayan su ci gaba da turo ka, don haka idonka yana can nesa ne kullum, tun kafin ka iso kasuwar bakin titi ka fara rage giya. Birkin kuma na iska ne ba na mai ba. Wannan ɗabi'ar tamu ta 'yan bas ta dannawa a saki, dannawa a saki, ita ce ke zubar da iskar, kana cikin gangare sai ka ga allurar ma'aunin iskar ta sauka. Da safe ba ka motsa mota sai iska ta cika, ka kuma buɗe ƙasan tankin iskar ka zubar da ruwan da ya taru. Gangare da giya ake saukarsa, giyar da za ka hau tudun da ita da ita za ka sauka, in ka dogara da ƙafa birkin zai yi zafi har ka ji ƙaurinsa, daga nan kuma sai dai Allah ya kiyaye. Kada ka taɓa sakin mota firi, wato ba ta cikin giya, don tattalin gas, na san masu yi, na kuma san inda wasu suka ƙare.

Sai kwana. Kan mota ya wuce ba yana nufin bodi ya wuce ba, tayoyin baya suna yanko ciki ne, dole ka buɗe sosai kafin ka karya. Ranar farko da oga ya ba ni a wani fili bayan Dawanau ya jera duwatsu ya ce in zagaye, duk na bi ta kansu. Ribas kuwa sai da na yi kusan wata 3, saboda in kana so bayan ya tafi dama sitiyari hagu za ka fara juyawa, hannunka da ya saba da bas ba ya yarda. Ga kuma mai babur da zai shigo ta gefen damanka ya manne, madubi ba ya nuna shi sam, shi ya sa yaron mota mai ido ya fi maka komai.

Maganar lasisi, wanda kake da shi na bas ba zai yi maka ba, tirela aji G ne, ka je ofishin lasisi da kanka a yi maka hoto da yatsa, kada ka ba ɗan kamasho ya kawo maka na bogi. Takardun kaya ma ka riƙe su kamar ranka.

Yanzu kuɗi. A bas kullum da yamma akwai ɗan abin cefane a aljihu ko yaya ne. A nan ba haka ba ne, kuɗin tafiya ne, sai an je an dawo, kuma abin da aka ba ka na hanya a ciki za ka ci, ka ciyar da yara, ka yi faci, ka sallami masu tare hanya da rasit iri-iri wanda in ka tsallaka Kudu ba sa ƙirguwa. In ba ka samu lodin dawowa ba tafiyar kusan ta tashi a banza. Saboda haka kafin ka fara ka tabbata akwai hatsi a rumbu da zai riƙe gidan wata biyu zuwa uku, don lokacin koyo abin da za a riƙa ba ka ba zai riƙe iyali ba.

Kayan ma kowanne da halinsa. Hatsi ko riɗi daga Dawanau ba ruwansa, ko ka kwana uku a hanya yana nan. Amma ka ɗauko shanu ranar Alhamis a Maigatari ko ranar Juma'a a Wudil, ko tumatir daga Kwanar Gafan za ka Mile 12 a Legas, to ba ka da barci, mai kaya yana kiranka duk bayan awa. In saniya ta kwanta a cikin bodi sauran za su tattake ta, dole a tsaya a tashe ta. A irin wannan lodin ne yara suke faɗawa ƙwaya, wai don ido ya bushe. Ƙanena ina roƙonka da girman Allah kada ka fara. Wanda ya sha yana ganin idonsa biyu ne alhali ƙwaƙwalwar ta yi barci. In barci ya zo maka ka faka ka sa weji ka kwanta ko awa ɗaya, mai kaya ya yi ta faɗa.

Abin da ya fi ci min rai dai gida ne. Lokacin ambaliyar 2022 da ruwa ya rufe hanya a Koton Karfe kafin Lokoja ina cikin layin nan, kwana da kwanaki ba gaba ba baya, abinci ya yi tsada, a nan aka kira ni aka ce maiɗakina ta sauka. A waya na yi wa yayana bayanin sunan da za a raɗa, ban ga yarinyar ba sai da ta yi kwana 12. Gona kuma ka san damina ba ta jiran kowa, shekarar farko gerona ciyawa ta cinye shi saboda ina Ogere, can hanyar Legas, ina jiran lodi lokacin noman farko. Yanzu ƙanena na gida na ba wa gonar muna rabawa. Ka zauna da iyalinka da mahaifanka ku yi maganar nan sosai kafin ka yanke.

In ni ne kai ba zan miƙa makullin bas ɗin yanzu ba. Ka roƙi mai motar hutun sati biyu bayan an gama girbi, ka samu direban kirki mai sallah wanda ba ya shaye-shaye ka bi shi Legas sau ɗaya ko sau biyu a matsayin yaro, ka ga yadda jikinka da zuciyarka za su ɗauka. Wasu kuma suna farawa da ƙaramar motar kaya da ake kira Kanta ko tifa a nan kusa, suna kwana a gida, hannu ya saba da nauyi tukuna, wannan ma hanya ce mai kyau. In ka shirya ka yi min magana ta akwatin saƙo, in Allah ya kai mu Alhamis ta sama muna lodi a Maigatari, ka zo da bargo da tocila da takalmin da ba silifas ba.