Waya za ta iya gwada rodin da aka miƙar bayan ya lanƙwashe?

Tambaya: Na ga wani bidiyo a YouTube na injin da ake zura wa tsofaffin rodi da aka ciro daga rusasshen gini, su fito a miƙe kamar sababbi. Na kuma ga wata manhajar waya da aka ce tana gano ƙarfe. Zan iya gwada irin wannan rodi da ita kafin in sa shi a ginshiƙan gidana?

Amsa: Malam, manhajar ba za ta yi maka wannan aikin ba. Tana dogara ne da 'yar na'urar auna maganaɗisu da ke cikin waya, wadda kamfas ɗin wayar ke amfani da ita wajen nuna arewa. Iyakarta ta shaida maka cewa akwai ƙarfe a kusa, amma ba ta san ingancinsa ba, ba ta kuma ganin tsagar da ke jikinsa.

Abin da bidiyon bai nuna ba shi ya fi damuna. Idan aka lanƙwasa rodi ba tare da wuta ba, wurin lanƙwasar yakan ƙara tauri, amma ya rasa wani ɓangare na laushin da ke ba shi damar miƙewa kafin ya tsinke, kuma gautsin nan yana ƙaruwa idan rodin ya daɗe a lanƙwashe. Miƙar da shi wahala ce ta biyu a wuri guda, inda ƙananan tsagogin da ido ba ya gani sukan fara daga gindin zanen da ke jikinsa. Rodi mai lafiya yakan bari gini ya lotsa ya tsattsage, mutane su ankara su fita, shi kuwa mai gautsi farat ɗaya yake karyewa.

Gasa shi da wutar gas ma ba mafita ba ce, domin yawancin rodin zamani, wanda ake kira TMT, ƙarfinsa yana fatarsa ta waje da aka ƙarfafa ta hanyar sanyaya shi da ruwa a masana'anta, kuma zafin da ba a auna ba yana ɓata wannan fata. Ƙa'idar gini ta Amurka, ACI 318, ta hana lanƙwasa rodin da wani sashensa ke cikin kankare sai da izinin injiniya, ta Birtaniya kuwa, BS 8666, ta ce kada faɗin da'irar lanƙwasa ya gaza ninki 4 na kaurin rodi mai milimita 16 zuwa ƙasa, da ninki 7 ga mai milimita 20 zuwa sama.

Inda waya za ta yi maka amfani shi ne lissafi. Ka ninka kaurin rodin (a milimita) da kansa ka raba da 162, ka sami nauyin mita ɗaya a kilo: mai milimita 12 ya kamata ya kai kusan kilo 0.89. Idan wanda ka goge ka auna ya gaza haka sosai, wataƙila tsatsa ta ci shi. Sai dai sikeli ba ya nuna gautsi. Wannan sai a ɗakin gwaji, inda inji ke jan ƙarfen har ya tsinke.

Shawarata ita ce kada ka sa shi a ginshiƙi, bim ko rufin kankare. Yanke wuraren da suka lanƙwashe, ka nuna wa injiniya ragowar, domin ya duba ko za su yi a aikin da ba ya ɗaukar nauyi, kamar daɓen tsakar gida.