Bayan ambaliya, a fara da rijiya

Tambaya: Ruwa ya janye daga ƙauyenmu da ke gefen kogin Haɗeja. Ƙungiyar matasanmu ta tara ɗan kuɗi, amma an rasa matsaya: abinci za a raba ko gini za a kama?

Amsa: Allah ya mayar da alheri. Shawararmu ku fara da ruwan sha. Abinci yakan zo daga hukumar agajin gaggawa ta NEMA da masu hannu da shuni, rijiya kuwa ba kasafai ake tunawa da ita ba, alhali ambaliya ta kwaso ƙazantar masai ta zuba ciki. Ta nan amai da gudawa ke shigowa.

Kada a yi gaggawar kwashe ruwan rijiya ƙasa tana jiƙe sharkaf, domin ruwan da ke bayan bango zai turo shi ya rufta. A jira ƙasa ta tsane, sannan a yashe laka da mushe. Mai shiga ya ɗaura igiya, mutum biyu na riƙe da ita. Injin fetur na jan ruwa ya tsaya a waje, nesa da baki. Hayaƙinsa na kashe mutum a cikin rami.

In ruwa ya dawo ya yi garau, sai a sa kulorin, don laka tana cinye ƙarfinsa. Rijiya mai faɗin mita 1 tana ɗaukar kusan lita 785 a kowace mita ta zurfin ruwa. A narka giram 100 na garin kulorin mai ƙarfi (HTH) a bokiti ga kowace lita 1,000, da safar hannu, a wanke bango da shi, a zuba, a rufe awa 24. Daga nan a yi ta kwashewa har warin ya tafi. Wannan ruwan ba na sha ba ne, ko ga dabba.

Kulorin ba ya daɗewa a rijiya. In daɓen baki ya tsage, a gyara da siminti, a ɗaga bakin, guga ya daina kwana a ƙasa, sabon masai kuma ya yi nisan mita 30. Kafin a gama, kowane gida ya tafasa ruwa ko ya sa ƙwayar kulorin ta Aquatabs bisa ƙa'idar jikin takardarsa, a jira minti 30.

Gini ya dakata tukuna. Katangar ƙasa da ta sha ruwa takan faɗi ko bayan ruwa ya janye, saboda haka kada kowa ya kwana a ɗakin da gindinsa ya zaizaye.