Takubba biyu a gindin farantin tangaran

Malam, ka tambaya ko takubba biyu masu giciye da ke gindin farantin da ka saya a gwanjo sun isa shaida cewa na Meissen ne. Gaskiya ba su isa ba. Masana'antar tana kusa da Dresden a Jamus, an kafa ta a 1710, kuma tun wajen 1722 take sa tambarin nan. Tun lokacin 'yan jabu ba su huta ba.

Shafa wurin da yatsa. Na asali shuɗi ne, yana ƙarƙashin ƙyallin, ba za ka ji tudunsa ba. In kuwa ka ga an karce takubban da layi, to mai aibi ne, kuɗinsa ya ragu sosai.

Ruwan zinaren bakinsa kuma, don Allah kada soso ya taɓa shi.