Shin Sojojin Jiki Suna Komawa Taimus Idan Cuta Ta Kama Mutum?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya a nan Gombe. A aji an koya mana cewa ƙwayoyin T, wato wani rukunin sojojin jiki masu yaƙar cuta, suna samun horo a taimus, in sun fita kuma sun fita ke nan. To amma ranar da muke zagayen ɗakin yara na ji babban likita yana cewa idan cuta ta yi tsanani wasu na komawa ciki, shi kansa taimus ɗin kuma yana motsewa. Wanne zan kama?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kama duka biyun. Malaminki ya ba ki na cin jarrabawa, likitan kuma ya ba ki na bakin gadon majinyaci.

Ga wanda bai san shi ba, taimus wata 'yar tsoka ce mai ɓari biyu a bayan ƙashin ƙirji, saman zuciya. Yana da girma a jikin jariri, bayan balaga sai ya riƙa shanyewa kitse na maye gurbinsa. Ko a kwata haka abin yake: a ɗan maraƙi ake ganinsa sosai, a tsohon sa da ƙyar. Sai a 1961 Jacques Miller ya gano amfaninsa a Landan, da ya cire shi daga jariran ɓeraye ya ga cuta tana ta kayar da su.

Ki ɗauke shi kamar Depot na Zariya, inda ake horar da sababbin sojoji. Kurata, wato ƙwayoyin da za su zama T, suna tasowa daga ɓargo, jini ya kawo su, su shiga ta jijiyoyin da ke kan iyakar ɓawon taimus da tsakiyarsa. Ba da ka suke tafiya ba. Taimus na fitar da wasu sinadaran kira, kimokin, irin su CCL25 da CCL21, su kuma kuratan suna da abin jin kiran a jikinsu, wato CCR9 da CCR7. A ciki darasi ɗaya ne babba: rarrabe ɗan gida da baƙo. Wanda ba ya gane komai a kashe shi, wanda ya zaburo wa naman jikinmu shi ma a kashe shi. Fiye da kashi 90 cikin ɗari a nan suke ƙarewa.

Sai batun komawa. Ƙwayar T da ta fita amma ba ta taɓa haɗuwa da abokin gaba ba, ba kasafai take waiwayar taimus ba. Yawonta tsakanin jini ne da saifa da ƙullutun da ke kumbura mu ce kaluluwa. Wadda ta taɓa yaƙi kuwa kamanninta sun sauya, ta sami sababbin maƙalai da take kama bangon jijiya da su, don haka tana iya kutsawa. Yawanci a tsakiyar taimus ake samun irinsu, domin ɓawon yana da shinge tsakaninsa da jini, tsakiyar kuwa ba ta kai shi tsauri ba. Idan cuta ta kai ga taimus ɗin kansa, sai ya ƙara wani kiran, CXCL9 da CXCL10, irin wanda kowane wuri mai kumburi ke yi. An ga haka a ɓerayen da aka sa wa dangin ƙwayar tarin fuka: waɗanda suka zo ceto tsofaffin hannu ne daga waje, ba kuratan ciki ba.

Nan ne wurin da nake so ki tsaya, don shi ne ya fi ba ni sha'awa. Akwai wasu ƙwayoyi masu rassa da ke sintiri a jiki suna tsintar guntayen nama, wasunsu su kai taimus su nuna wa kurata: wannan namu ne, kada ku taɓa. Aikin alheri ne, yana hana jiki yaƙar kansa. To, in abin da ya iso makarantar guntun ƙwayar cuta ne fa? Kurtu bai san komai ba, abin da aka nuna masa a gida ɗan gida ne. A ɓerayen nan da na ambata, ƙwayoyin T da suka girma a taimus mai ɗauke da cutar sun fito ba sa zafin yaƙarta. Ɓarawo ya yi rajista a matsayin ɗan unguwa. Jiki yana da dabarar kare wannan: wani jinsin masu rassan, da zarar ya ji warin ƙwayar cuta, sai ya rage CCR9, hanyar taimus ta ɓace masa. Dabarar ba kullum take isa ba, musamman ga cuta mai daɗewa.

Motsewar da likitan ya faɗa kuwa, babban dalilinta kotisol ne, sinadarin da jiki ke zubawa a jini lokacin wahala. Kurata masu tsakiyar horo ba sa jure masa, suna mutuwa da yawa cikin 'yan kwanaki. Ƙyanda na yin haka, ƙanjamau na yi, an gani a zazzaɓin cizon sauro na ɓeraye. A wasu cututtukan, kamar Chagas ta Kudancin Amurka, har kuratan da ba su gama horo ba ake samu sun tsere waje. Amma a ɗakunan yaranmu na Gombe da Bauchi, abin da ya fi cinye taimus tamowa ce, tare da ƙarancin zinki. Shi ya sa nake jin haushi idan aka sallami yaro don kawai sikeli ya hau: nauyi na riga garkuwa dawowa, taimus na buƙatar ƙarin makonni. A gaya wa uwar ta ci gaba da abincin, ta cika rigakafi, ta dawo da shi da zarar jiki ya yi zafi.

Akwai kuma cutar raunin tsoka, mayasteniya, mai sa fatar ido ta zube. A cikinta ƙwayoyin B, wani rukunin sojojin jiki, su ne ke tarewa a taimus suna ƙera makamin da ke toshe saƙo tsakanin jijiya da tsoka, shi ya sa cire taimus ke taimakon wasu masu ita.

Wani abu da zai amfane ki a aiki: idan yaro ya warke daga doguwar jinya, taimus kan farfaɗo, wani lokaci har ya zarce girmansa na da. A hoton ƙirjin ƙaramin yaro yakan fito kamar wata inuwa mai kusurwa uku a gefen zuciya, sau da yawa ta dama. Kada ki ce wa uwa ƙari ne ko ciwon huhu. Kai wa likitan hoto ya duba tukuna.